FILIN MATA: Teburin Gilashi Mai Faifai

 

Yau zancenmu a kan wani kayan ɗaki ne da ya shigo yayi, har ta kai uwar amarya ba ta jin ta fita kunya sai ta ga an sauke shi daga mota ranar jere. Watau teburin cin abinci na gilashi, kewayayye, da kujerunsa huɗu ko shida, wanda masu sayarwa ke kira dainin. Wani irinsa kuma a tsakiyarsa an ɗora ƙaramin faifai, shi ma na gilashi, wanda in kin taɓa shi da yatsa sai ya juya.

Ku da kuke shiga ɗakunan amare kun san abin da ke samun teburin nan bayan an watse biki. Watan fari ana goge shi safe da yamma. Wata na uku an jera masa kuloli da furen roba. Kafin shekara ta zagayo ya zama ma'ajiyar makullai da cajar waya da maganin sauro, masu gida kuwa suna nan gefensa a kan tabarma suna cin tuwonsu. Ban ce cin abinci a kan tabarma aibu ne ba, ko kusa. Abin da na ce shi ne, teburin nan don aiki guda aka ƙera shi, watau ya tara mutane su ci tare. Wadda za ta sa shi wannan aiki, ta kuma san halin gilashi, kuɗinta bai faɗi ba. Wadda kuwa ta saye shi don kallo, ta sayo wa kanta aikin goge ƙura, wataƙila ma har da haɗari. To, bari mu bi abin daki-daki.

INDA AKA SAMO SHI

A Ƙasar Sin teburin nan ya yi suna, domin da irin cin abincinsu ya dace. Su mutanen Sin ba a zuba wa kowa rabonsa tun daga madafi. Abinci iri-iri ake kawowa, kifi daban, nama daban, ganye daban, a jera a tsakiya. Kowa yana da ɗan kwanonsa na shinkafa da 'yan tsinkayensa biyu, yana miƙa hannu yana ɗauko abin da ransa ke so. A zamanin da can ba haka suke yi ba. Zama suke yi a kan tabarma, kowa da ɗan gajeren teburinsa a gabansa. Sai da kujeru da dogayen tebura suka yaɗu, a zamanin sarakunan Tang da na Song, kimanin shekara 1000 da suka wuce, sa'an nan suka koma ci tare.

Kewayayyen tebur kuwa suna sonsa ƙwarai, domin a harshensu kalmar da ke nufin kewayayyen abu tana cikin kalmar da ke nufin haɗuwar iyali bayan rabuwa. Shi ya sa daren jajibirin sabuwar shekararsu, na gabas da na yamma kowa yakan yi iyakar ƙoƙari ya iso gida, a zagaye tebur guda.

Amma babban tebur yana da wahalarsa. In mutum goma suka zagaye shi, hannu ba ya kai wa ɗaya gefen, sai an miƙe tsaye ko an ce wa wani, don Allah miƙo mini. Maganin wannan shi ne faifan nan mai juyawa. Turawan Ingila sun san irinsa tun ƙarni na 18. Attajiransu kan sa shi a tebur don su sallami barori su yi hirarsu ba mai jin asirinsu. A Amurka suka raɗa masa suna Lazy Susan, watau Susan malalaciya, har aka buga tallarsa da wannan suna cikin mujallar Vanity Fair a 1917.

Wanda ya fara ba mutanen Sin shawarar su yi amfani da shi kuwa likita ne, sunansa Wu Lien-teh. An haife shi a tsibirin Penang, cikin Malesiya ta yau, a 1879, ya yi karatun likita a Kambrij ta Ingila. Shi aka aika Manchuriya, arewa maso gabashin Sin, sa'ad da annobar huhu ta ɓarke a 1910 zuwa 1911, ta kashe mutum wajen 60,000. Shi ne ya sa jama'a ɗaura takunkumi a hanci da baki, har Allah ya kawo sauƙi. A 1915 likitan nan ya rubuta cewa al'adar kowa ya tsoma tsinkayen da ya sa a bakinsa cikin kwano guda ba ta da kyau ga lafiya. Amma ya san mutanensa ba za su yarda su bar ci tare ba. Saboda haka ya ce a ɗora abinci a kan faifai mai juyawa, kowane kwano da cokalinsa na ɗiba, kowane mutum kuma da nasa farantin. Ga shi an ci tare, ga shi kuma yawun wani bai shiga abincin wani ba.

Shawarar ba ta karɓu nan da nan ba. Sai a 1953 wani mutumin Sin mazaunin Amurka, Johnny Kan, ya buɗe gidan abinci a birnin San Faransisko. Abokinsa George Hall ya haɗa masa faifan katako, ya sa masa 'yan ƙwallayen ƙarfe a ƙarƙashi, irin waɗanda ke cikin gindin ƙafar keke, waɗanda masu gyara ke kira boris. Baƙi suka gani suka so, wasu gidajen abinci suka kwaikwaya, har abin ya game gidajen abincin mutanen Sin ko'ina a duniya. Yau yawancin faya-fayan nan na gilashi ne, domin ya fi katako sauƙin wankewa.

Akwai kuma wata hikima ta kewayayyen tebur: ba shi da kai, ba shi da gindi. Ku 'yan makaranta masu karanta tarihi, ga wani abin dariya. Sa'ad da aka taru a birnin Paris don sulhun yaƙin Biyetnam, a ƙarshen 1968, manyan jakadu sun yi makonni suna gardama a kan siffar teburin da za su zauna, kowa yana tsoron kada wurin zamansa ya nuna shi ne ƙarami. Sai a watan Janairu na 1969 suka daidaita a kan kewayayye. To, in manyan ƙasashe sun ga amfaninsa, ina ga gidan da ke da uwargida da amarya?

MU MA MUNA DA NAMU

Kada wata ta ji wannan labari ta ce ci tare baƙon abu ne. Tun kaka da kakanni mu mutanen akushi guda ne. Yara su zagaye kwano, mata su zagaye nasu. Magidanta kuwa bayan magariba kowa ya fito da tuwon gidansa ƙofar zaure, a shimfiɗa tabarma, a ci na wannan a koma na wancan. Ciyayya ke nan. Da ita maƙwabci kan gane gidan da ba a ɗora tukunya ba, ya aika da hatsi a asirce. Da ita baƙo kan ƙoshi bai roƙa ba. Hausawa suka ce, kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne a birane al'adar nan tana ja da baya. Maigida ya ci nasa a gaban talabijin. Samari su ɗauki faranti su shige ɗaki, hannu ɗaya a shinkafa, hannu ɗaya a waya. Yarinya ta ci a tsaye a madafi. Uwa ta yi yini guda ba ta ga 'ya'yanta a wuri ɗaya ba. Ina za ta gane wanda ba ya cin abinci don zazzaɓi na zuwa, ko wadda aka ɓata wa rai a makaranta? In teburin gilashi zai komo da iyali wuri guda ko sau ɗaya a yini, lalle ya biya kuɗinsa. Amma fa ku sani, tebur ba ya kiran kowa. Uwargida ce ke kira.

GILASHI IRI BIYU NE

Yanzu ga maganar da na fi so ku riƙe, domin ta shafi jini. A da gilashi mai kauri, shimfiɗaɗɗe sumul, sai masu hali, don sai an goge shi ciki da baya da injuna. A 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana wata dabara ta Alastair Pilkington: a kwarara narkakken gilashi a bisa narkakkiyar kuza, irin wadda ake haƙowa a Jos, sai ya kwanta a kanta kamar mai a kan ruwa, ya daskare sumul ba sai an goge ba. Tun daga nan gilashi ya yi araha, har ya zama abin yin tebur.

To, amma wannan gilashi in an bar shi yadda ya fito, ɗanye ne. Ranar da ya fashe, tsagewa yake yi dogo-dogo, kowane ɓari kamar wuƙar mahauci. Yaro ya faɗa kansa, ko babba ya dafa shi ya karye, yankan na iya kai wa jijiya. A ƙasashe da yawa an ga mummunan rauni, har da rasa rai, ta dalilin teburin ɗanyen gilashi.

Iri na biyu shi ne wanda zan kira horarren gilashi. Bayan an yanka shi an gyara bakinsa, sai a mai da shi cikin wuta har zafinsa ya wuce digiri 600, ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa, kāna a hura masa iska mai sanyi farat ɗaya. Bayansa ya daskare kafin cikinsa, sai ya ɗaure kansa tamau. Ƙarfinsa yakan kai ninki huɗu na ɗanye. In kuwa ya fashe, rugujewa yake yi ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Duk wadda ta taɓa ganin gilashin ƙofar mota ya fashe a hanya ta ga irinsa. Tsakuwar nan tana iya ƙwarzanar fata, amma ba ta yanka irin na wuƙa.

Yaya za ki bambanta su a kasuwa, tun da a ido duk ɗaya ne? Ga hanyoyi.

Na fari, duba gefe ko kusa da baki. Masu yin na kirki sukan buga ɗan hatimi wanda ba ya gogewa, an rubuta Tempered ko Toughened da Turanci. Takardar da aka manna da gam ba shaida ba ce, kowa na iya manna ta.

Na biyu, ki ce wa mai kanti teburin ya yi miki faɗi, ko zai rage miki inci biyu? In ya ce ba wuya, yanzu za a yanka, to ki yi masa sallama. Horarren gilashi ba ya yankuwa, ba ya huduwa. Da an sa masa abin yanka sai ya ruguje gaba ɗaya. Wanda ya yanku ɗanye ne.

Na uku, kauri. Gilashin da zai zauna shi kaɗai a kan ƙafa, ba katako a ƙarƙashinsa, kada ya gaza milimita 10, in ya kai 12, watau kusan rabin inci, ya fi. Mai milimita 5 ko 6 na taga ne, ko na shimfiɗawa a bisa teburin katako.

Na huɗu, shafa bakinsa da yatsa a hankali, zagaye ɗaya cif. Ya zama sumul, ba kaifi, ba ɓantare. Horarren gilashi duk ƙarfinsa a tsakiya yake, lagonsa a baki. Ɗan ɓantaren da kika raina yau, shi ne zai sa wata rana kina zaune ki ji tas, ba wanda ya taɓa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyar, ƙafa. Dafa gefe guda da hannu biyu ki danna kaɗan. In ya yi rawa ko ya nemi ɗagawa, gindinsa ya yi ƙanƙanta. Ki duba kuma ko an ɗaure gilashin da ƙafar, ko kuwa aza shi kawai aka yi a kan 'yan robobi. Gidan da ke da yara, ɗaurarre ya fi.

In mai araha da mai tsada sun bambanta a wajen nan, ku tuna araha ba ta ado. Gara ƙaramin tebur na horarren gilashi da babba na ɗanye.

AUNA ƊAKI TUKUNA

Sau da yawa akan sayo tebur, sai an kawo a ga ƙofa ma ba ta buɗuwa sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku 'yan makaranta, ga inda lissafinku zai yi wa iyayenku rana. Kewayen da'ira ya ninka faɗinta sau uku da ɗan ɗori. Mutum guda kuma yana bukatar ƙafa 2 na bakin tebur don gwiwar hannunsa kada ta bugi ta maƙwabci.

Tebur mai faɗin ƙafa 4, kewayensa ƙafa 12 da rabi: mutum huɗu a sake, shida a matse. Mai ƙafa 5, kewayensa ya kusa ƙafa 16: mutum shida a sake, takwas in da yara a ciki. Mai ƙafa 6 yana ɗaukar takwas ko tara. Sa'an nan a bar ƙafa 3 a bayan kowace kujera don a ja ta a tashi. Ke nan tebur mai ƙafa 4 yana son fili mai ƙafa 10 kowace fuska, mai ƙafa 5 kuwa ƙafa 11. Wadda falonta ƙafa 12 ne, ga kujerun zama, ga talabijin, sai ta yi tunani.

Faifan tsakiya kuma kada ya cinye wurin faranti. A bar aƙalla ƙafa guda tsakanin bakinsa da bakin tebur. Tebur mai ƙafa 5, faifansa kada ya wuce ƙafa 3. Wanda bai kai ƙafa 4 ba kuwa ba ya bukatar faifai, hannu na kai wa ko'ina.

Kada kuma ku manta da nauyi. Gilashi mai ƙafa 4 da kaurin milimita 10 ya kusa kilo 30. Mai ƙafa 5 da kaurin milimita 12 ya haura kilo 50, watau ya fi buhun siminti. Ba abin da mace ɗaya za ta ja don shara ba ne, balle mai ciki. In za a ɗauke shi, mutum biyu, a riƙe shi a tsaye, ba a kwance ba. Masu zaman haya da ke tashi kowace shekara su sa wannan a lissafi.

LADABIN FAIFAI

Kowane wurin cin abinci da ladabinsa. A kwano guda iyayenmu sun koya mana, ci gabanka, kada ka kai hannu gaban wani, kada ka riga babba ɗaukar nama. Faifai bai soke ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya kawo kwanon gabanka. Mutanen Sin ma haka suke: ana fara juya sabon abinci wajen babba ko baƙo, shi kuwa akan zaunar da shi yana fuskantar ƙofa. Ga abin da za ku koya wa yara.

Ba a juya faifai sa'ad da wani ke ɗiba. A jira ya ajiye cokali. A juya a hankali, ta fuska guda, kada wannan ya ja dama wancan ya ja hagu. Ba a barin kan cokali ya leƙo waje, don yana juyawa zai ture kofi. Kwanon miya mai zafi a tsakiyar faifai ake sa shi, ba a baki ba. Kowa ya ɗebi kaɗan har ya zagaya, wanda bai ƙoshi ba ya ƙara.

Game da lafiya, likitan nan Wu tarin fuka yake tsoro. Ilimin yau ya nuna tarin fuka ta iska yake kama mutum, ta tari da atishawa, ba ta cokali ba. Amma shawararsa ba ta faɗi banza ba, domin akwai cututtukan da ke bin hannu su shiga abinci: amai da gudawa, zazzaɓin taifot, da wani irin ciwon shawara. Su kansu mutanen Sin sun sake farfaɗo da zancen cokalin ɗiba bayan cutar SARS ta 2003, da kuma lokacin korona a 2020. Mu masu cin tuwo da hannu, abin da ya fi mana muhimmanci shi ne wanke hannu. Mukan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma hannu da yawa cikin ruwan wanki guda, shi ke ƙazanta mai kyau. Kada a zagaya da kwano ɗaya kowa ya tsoma, na ƙarshe ya wanke da dauɗar na farko. A kawo buta da sabulu da tasa, a zuba wa kowa. Wannan ko a tebur ko a tabarma.

Akwai wani amfani kuma da uwaye za su so. Ƙaramin yaro in an haɗa shi kwano guda da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun sheme, ya tashi da yunwa ba wanda ya sani. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a ba yaron da aka fara ba abinci kwanonsa daban, uwa ta ga iyakar abin da ya ci. A teburin nan yana zaune cikin 'yan'uwansa, amma rabonsa na gabansa, idon uwa kuma na kai.

YADDA ZA KI KULA DA SHI

Gilashi ba ya ɓoye ƙazanta, ko shatin yatsa sai ya nuna. Da hunturu kuwa kin goge da safe, da azahar kya iya rubuta sunanki a kai. Ƙurar nan akwai yashi a cikinta, in kika dirje ta a bushe za ta zana gilashin. Ki fara kaɗe ta da tsumma mai laushi, kāna ki goge da ruwa mai ɗan sabulu, ki bi da busasshe. In man ja ko man gyaɗa ya zuba, ɗan ruwan lemun tsami cikin ruwa yana fid da maiƙo. Tsohuwar jarida ma tana sa shi ƙyalli, har wannan da ke hannunki, in kin gama karantawa. Toka da yashi da soson ƙarfe kuwa na tukunya ne, kada su kusance shi.

Kada ki sauke tukunya daga wuta ki ɗora a kansa kai tsaye. Sa faifan kaba ko ɗan katako a ƙarƙashi. Kada a sara ƙanƙara ko ƙashi a kai. Kada a zaunar da jariri a bisa, kada a taka shi don sa ƙwan lantarki. Ki hana yara mai da faifan abin wasa, ki kuma kula kada bakin kujerar ƙarfe ya riƙa bugun bakin gilashin. Lokaci-lokaci ki ɗaga faifan ki share ƙarƙashinsa, don nan ɓarɓashin abinci ke taruwa ya kira kyankyaso.

In tsautsayi ya faɗa ya fashe, a fitar da yara tukuna, a sa takalmi, a share, a bi da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ya yanke a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun ko ƙafar sama, a nufi asibiti. In babban ɓari ya nutse cikin nama kada a zare shi a gida. Kada kuma a zuba toka ko ƙasa a rauni.

KAFIN A CI BASHI

Saura magana guda, ita ce ta kuɗi. Kun san yadda kayan ɗaki ke karya iyaye. Uba ya sayar da gona ko ya ci bashi, uwa ta kwashe adashinta na shekara biyu, don kada dangin miji su ce ba a kawo dainin ba. Ku 'yammata, a nan ku ke da magana. Kada ki ɗaure wa mahaifiyarki fuska don an yi wa ƙawarki. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Kuɗin tebur guda da kujerunsa na iya sayen keken ɗinki, ko ya biya miki wani zangon karatu, su kuwa waɗannan suna haihuwa.

Kafin a saya, a yi tambaya uku. Za mu ci abinci a kansa kullum, ko kuwa sai ran da baƙi suka zo? Ɗakin zai ɗauke shi da kujerunsa? Kuɗinmu ya kai na horarren gilashi ba tare da bashi ba? In amsa ta zama i duka uku, a saya, Allah ya sa albarka. In ɗaya ta zama a'a, a dakata, ba gudu kasuwa za ta yi ba.

Wadda kuma ke son amfanin abin ba tsadarsa ba, ga dabara. Je wurin kafinta na kirki, ki sa ya yanka miki kewayayyen katako mai faɗin ƙafa 2 da rabi, ya sa masa boris a ƙarƙashi da ɗan gindi mai faɗi. Ki ajiye shi a tsakiyar tabarma, ki jera tuwo da miya da yaji da nama, kowane da cokalinsa, iyali su zagaye. Kaka mai ciwon gwiwa ba sai ta miƙa ba, abinci zai zo gabanta. Ba ya fashewa, ba ya cin ɗaki, in an gama a jingine shi a bango.

Ko na gilashi ko na katako, ki tsai da lokaci guda a yini, ko da na dare ne kawai, wanda kowa na gida ya san ana zama tare. A kashe talabijin, a ajiye waya, a wanke hannu, a yi bismilla. Makon fari samari za su yi gunaguni. Ki yi haƙuri ki dage, za su saba.

Wadda ke da tambaya ko wata dabara da ta gwada ta ga amfaninta, ta rubuto mana, za mu buga don 'yan'uwa su ƙaru. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen kulolin abinci, da tsawon lokacin da ya kamata shinkafa ko miya ta zauna a cikinsu.